Kabewar Arlo Raba-Goma

A'a, 'yar nan, ba zagi ba ne. Don kin ji na ce wa mai motar madarar can "kar ka yi mini Arlo", shi ne kika zaci ashar na ɗura masa? Ina! Miƙo kofinki in ƙara miki gahawa, tunda motar taki ba yanzu za ta gyaru ba. Arlo sunan mutum ne. Mu nan Halvor, in mutum ya zuba wa magana gishiri har ta ƙi ciyuwa, sai mu ce ya yi Arlo. Ba ƙarya ake nufi ba fa, ki lura. Maƙaryaci ba shi da kifin sam, ya ce ya kama. Shi kuwa mai yin Arlo yana da kifinsa, sai dai kafin ya iso bakin ƙofa kifin ya girme shi.

Arlo Tollefson ke nan. Shekara talatin yana raba wasiƙu a garin nan kafin ya ajiye aiki. Mutumin kirki ne, ba ya sha, ba ya faɗa. Bakin ne kawai.

Matarsa Norma ita ta gano lissafinsa. Lokacin da yake nemanta ya ce mata gonar ubansa eka ɗari huɗu ce. Ta je ta tarar arba'in. Ya ce shanu sittin, ta ƙirga shida. Ranar aurensu a gaban Fasto ya ce zai so ta shekara dubu, ta ce ɗari ma ta ishe ta. Tun daga nan ta gane mijinta sikeli ne da ya karkace, amma kullum karkatarsa ɗaya ce: duk abin da ya faɗa, a raba goma.

Ta gaya wa yayarta, yayar ta gaya wa matan coci, shi ke nan gari ya ɗauka. Har amfani yake mana. In ya shigo da safe ya ce dusar ƙanƙara ta kai ƙafa ashirin a hanyar arewa, direban motar makaranta ya san biyu ce, sai ya tada motarsa. In ya ce wa likita kwana goma bai runtsa ba, likita ya rubuta ɗaya. Ranar da ya rugo ya ce wuta ta kama rumbun maƙwabcinsa Haugen, harshenta ya kai ƙafa hamsin, 'yan kwana-kwana ko babbar motar ba su taɓa ba. Bokiti biyu suka ɗauka, kuma suka isa.

Shekara arba'in ana haka. Kowa ya sani, ban da shi.

Kin ga teburin can na jikin taga? Nan suke zama kullum ƙarfe shida na safe, su huɗu. Akwai Dale mai tarakta. Akwai tsoho Wendell, wanda kunnensa ya tafi tuntuni, shi ya sa in ya yi raɗa har kicin nake jinsa. Akwai Gus Lindgren, sarkin kabewa, sau goma sha ɗaya yana cin gasar bikinmu na kaka, mutumin da ko aljanna aka nuna masa iyakarsa ya ce "ba laifi". Sai Arlo. Su ukun suna kurɓa, shi yana zuba. Tun da ya bar aikin wasiƙa, teburin nan shi ke tada shi daga gado.

To bara sai Allah ya jarrabe shi da gaskiya.

Norma ta samo yankin wata tsohuwar kabewar gasa ta yi miya, ta watsa 'ya'yan a bayan siton Arlo, daidai inda ruwan garken Haugen ke gangarowa da taki. Ba wanda ya sake bi ta wajen. Ran nan Arlo ya zagaya neman tsani, sai ya yi karo da abu, ja-ja, a kwance cikin ganye kamar saniya ta ƙoshi. Ya kewaye ta sau uku. Ya ɗauko igiyar awo ya gwada ta tsaye da kwance yadda masu noman suke yi, ya duba takardar lissafinsu, ya sake dubawa. Laba ɗari tara. Ya rufe ta da tamfol, ya danne da bulo.

Washegari ya shigo nan ya zauna, na zuba masa gahawa. Abin ya fi ƙarfin bakinsa, babu wurin da zai ƙara gishiri. Karon farko a rayuwarsa ya faɗi abu yadda yake.

"Ina da kabewa," in ji shi a hankali. "Laba ɗari tara."

Gus bai ɗago daga kofinsa ba. "Ba laifi."

"Nawa ya ce?" in ji Wendell.

"Ɗari tara," in ji Dale.

"To casa'in ke nan!" Wendell ya faɗa, a ganinsa raɗa yake. "Casa'in ma ai kabewa ce. Norma ta samu ta miya."

Dale ya shiga karanta bayan kwalbar barkono.

"Wane casa'in?" in ji Arlo.

"Raba goma mana. Ko an canza ne ba a gaya mini ba?"

"Raba me?"

"Kai, Wendell, sha gahawarka," in ji Dale.

Amma ina, bakin alƙalami ya bushe. Arlo ya dube su ɗaya bayan ɗaya. "Tsaya. Kifin da na kama shekarar ambaliya, mai laba talatin?"

"Uku," in ji Gus. "Kifi mai kyau."

"Kyarkeci goman da suka tare ni a hanyar arewa?"

"Ɗaya. Shi ma karen Haugen ne."

"Tun yaushe kuke yi mini haka?"

"Tun kana da gashi."

Ya juyo gare ni. "Har da ke, Connie?" Ni dai na ce bari in duba ƙwai kar ya ƙone.

Sai ya buga tebur, cokula suka yi tsalle. "Gus Lindgren! Taka nawa ce bana?"

"Za ta yi ɗari shida, in ba ta fasa ba."

"To ka ji, kowa ya shaida. Ranar biki, in tawa ba ta fi taka a kan sikeli ba, ba zan sake buɗe baki a ɗakin nan ba har shekara goma!"

"Shekara ɗaya ke nan," in ji Gus. "Na yarda."

"In kuma ta fi, za ka karɓi lasifika a gaban jama'a ka ce Arlo Tollefson ya faɗi gaskiya. Kuma daga ranar ba mai sake raba ni!"

Suka tafa. Dale, da yake mai son zaman lafiya ne, ya ce to a je a gan ta mana yanzu, a huta. Arlo ya ce atafau. "Ba mai ganinta. Ranar nake so, a tsakiyar mutane, in ga yadda idanunku za su zazzago." Ita Norma da ya ce ta zo ta leƙa, cewa ta yi ta ga kifinsa, ta ga kyarkecinsa, gwiwarta ba ta da ƙarfin zagayawa bayan sito.

Dokar gasar tamu ba wuya. Ana kafa babban sikeli a bakin tafki, can ƙasan Babban Titi. Abin da ke zaune a kansa kafin ƙararrawar coci ta gama buga sha biyu, shi Marge magatakardar gari take rubutawa. Gidan Arlo kuwa a can saman titin yake, kan tudu, miƙe sambal har ruwa. Abu ɗaya kawai ya rage masa: taraktar Dale, mai cokali a gaba, ta ɗauko kabewa ta sauko da ita.

Nan ne dabara ta zo masa. Ya ce a ransa, tunda mutanen nan raba ni suke, in na ce ɗari tara da kwando za su zo. Bari in riga su. Ana jibi biki ya buga wa Dale waya.

"Dale, ka zo da tarakta ranar Asabar da sassafe. Laba dubu tara ce."

"Dubu tara?"

"Dubu tara. Sai ka yi lissafin naku."

Ya ajiye waya yana murmushi, ya ce wa Norma yau ya ɗaure garin nan da igiyarsu.

Da rana Dale ya tara su Gus a nan, aka baje magana. Dale ya ce raba goma ya ba da ɗari tara, ko dai a kai taraktar? Gus ya juya cokali ya ce, "Mutumin nan yanzu ya san muna raba shi. In kai ne, me za ka yi?"

"Sai in ƙara."

"To ya ƙara. Sai a raba sau biyu."

Wendell ya lissafa a kan yatsu, fuskarsa ta washe. "Casa'in! Kun gani? Ko ta ina aka bi, casa'in ce."

Daman an riga an roƙi taraktar ta ja keken sarauniyar biki a jerin gwano. Sai hankalin Dale ya kwanta.

Asabar da safe Arlo ya fito cikin rigarsa ta zuwa coci, ya tarar da baro a ƙofar gida. Har da matashin kai a ciki, don kar kabewar ta ƙuje. Dale akwai kula.

Ya tsaya yana kallon baron nan kamar ya cinye shi. Ƙarfe tara ta wuce. Ya ce ba komai, shi da ya taɓa ɗaga motar wasiƙa da hannu ɗaya ya canza taya. Ya yanke igiyar kabewar, ya kwantar da baro a gefenta, ya sa katako ya ɗan bankaɗa ta. Ta jingina da baron sau ɗaya. Baro ya koma faranti.

Ya kawo a-kori-kurarsa, ya ciro ƙofar sito ya jingina ta zama gangara, ya ɗaura igiya. Ƙofa ta rabe biyu. Ya ɗaure igiyar a ƙarfen bayan motar ya ce zai ja ta a ƙasa. Ya ba da wuta. Mota ta tafi, ƙarfen baya ya zauna wajen kabewa.

Ƙarar ce ta fito da Norma, da ludayi a hannu. Ta zagayo bayan sito tana cewa, "Arlo, in ka fasa mini tukwanen fure..." Sai ta gan ta. Ta ce mini daga baya sai da ta nemi wurin zama.

"Arlo... gaskiya ka faɗa."

"Yau kika sani?"

"Yau ka fara."

Ta ruga ta bugo waya nan. Ni na ɗauka, ba zan ɓoye miki ba. Ta ce, "Connie, maza ki gaya wa Dale ya zo! Gaskiya ce! Ta kai saniya!" Na leƙa waje, Dale na ɗaura wa tarakta furanni, na gaya masa. Ya cire hula ya girgiza kai.

"Allah sarki Norma. Shekara arba'in tana jurewa, yau ya shafa mata."

"Saniya raba goma," in ji Wendell. "Ɗan akuya."

Ni ma, Allah ya yafe mini, na ce mata ta sha ruwa ta ɗan kwanta.

Sha ɗaya ta buga. Arlo ya yi gumi sharkaf, rigar coci ta zama tsumma. Sai ya tsaya cak, ya ɗaga yatsa.

"Norma, me ya sa take da nauyi?"

"Don ƙatuwa ce."

"Don cikinta! Zan kwashe cikin in zuba a bokitai, mu gangara da ita a hankali kamar ganga. In mun isa sikeli in mayar mata da kayanta, in toshe. Kawo ludayin nan."

"Ludayin uwata ne."

"Ni da na taɓa yashe rijiya da cokalin shayi? Kawo!"

Ya sa zarto ya huda ta a gefe, ƙofa daidai shigar mutum. Ya zura kai, ya zura kafaɗa, can sai takalma kawai ake gani, can su ma suka shige. Yana kwasa yana miƙowa, Norma tana jera bokitai a jikin shinge. Daga ciki muryarsa na fitowa kamar daga rijiya: "Nan ciki fa za a iya ɗaura aure! Har da 'yan rakiya!"

Abin da bai lissafa ba shi ne shanun Haugen. Su da takinsu ya yi kabewar, suka ji ƙanshi, suka zo karɓar rabonsu. Suka zuro kai ta shinge. Kafin Norma ta juyo, bokiti uku sun zama wankakku.

"Arlo, shanu suna cinye nauyinka!"

"Kore su!"

"Da me? Ludayin yana wajenka!"

Ta kwance gyalen girkinta tana kaɗa musu. Babbar cikinsu, wata jar saniya mai suna Doris, ta ga bokiti wasan yara ne. Ta taka shinge ta shigo, ta nufi uwar gayya, ta sa goshi ta tura.

Kabewar ta yi wani nishi. Ta juya sau ɗaya, a hankali, kamar mai gyara kwanciya. Ta sake juyawa. Ta bi ta kan tukwanen fure, ta fita ta ƙofar shinge, ta hau Babban Titi.

Shi Arlo a ciki, abin da yake gani ta hudar nan sama, ƙasa, sama, ƙasa. 'Ya'yan kabewa a baki, a kunne, a cikin riga. Amma ko a nan bakin bai mutu ba. Duk sanda hudar ta juyo sama sai kalma ɗaya ta fito.

"Ku...!"

"...tare...!"

"...ni!"

A daidai lokacin jerin gwano ya kai tsakiyar gari. Muna tsaye a bakin titi, ni da tire a hannu. 'Yan badujalar makaranta suna gaba suna busa, sai muka ga sun dare biyu kamar an tsaga gyaɗa, mai babban kakaki ya faɗa cikin kwandon shara. Sai ga abu ya taho, ja, ya cika rabin titi. Bayansa shanu shida a guje. Bayan shanu Norma, tana ɗingishi tana kaɗa gyale. Baƙin da suka zo daga birni suka hau tafi, suna cewa bana an shirya biki.

Ta wuce taraktar Dale har ta ɗebe masa furanni. Ya bi ta da kallo ya ce, "Af. Ashe baron ba zai yi ba."

"Gudun... mil... ɗari... nake!"

Ɗan sandanmu ya riga ya sa usur a baki. Ya ciro shi. "Goma ke nan. Bai karya doka ba."

Matan coci sun jera kek ɗin tuffa a dogon tebur, tun Alhamis suke gashi. Kabewar ba ta taɓa teburin ba, gaskiya, gefen mayafinsa kawai ta kama ta tafi da shi. Shanun ne suka tsaya suka ƙarasa.

"Zan... mutu!"

Fasto ya dafa kafaɗar likita. "Likita, mutuwa raba goma nawa ke nan?"

"Mura."

"To, Allah ya sawwaƙe."

Can ƙasa, kabewar Gus ta riga ta sauka daga sikeli, ɗari shida da goma sha biyu, Marge ta rubuta. Gus na tsaye hannu a aljihu. Ya ga abin da ke tahowa, ya matsa gefe taku ɗaya, ya ɗan taɓa bakin hularsa.

Arlo ya hango sikeli ta hudar, sau ɗaya, a kife. Zuciyarsa ta yi fari. Ya ce ashe da kanta za ta kai kanta! Kuma ta hau, na rantse miki ta hau. Ta bi katakon gangarar ta taka kan sikeli, allurar ta zabura ta yi can. Sai dai Marge a lokacin tana goge tabarau. Ko da ba ta gogewa ma, sai abu ya zauna ake karantawa, ita kuwa wannan ba zama ta zo yi ba. Ta tashi sama. Muka gan ta tsakaninmu da rana, da mayafin tebur yana binta kamar amarya. Ta sauka a kan turken da ake ɗaure jiragen ruwa.

Fashewar har a gonar Haugen an ji. Gutsattsarin kabewa suka zubo wa jama'a kamar ruwan sama. Rabinta ya faɗa tafki, Arlo a tsakiya, ludayi a hannu. Agwagin tafkin nan, da ma tun safe suke zaman jiran tsammani, suka sauko gaba ɗaya.

Sai ƙararrawar coci ta buga ta farko.

Da wani ne, da ya kwanta a ruwan ya ce a kira masa Fasto. Ban da Arlo. Ya miƙe, ruwa iya ƙugu, ya waiga ya hango yanki mafi girma yana iyo, da wani ƙaton dinya, babban agwagin nan, a kai yana ci. Ƙararrawa ta buga uku. Ya cafki gefe ɗaya, dinya ya riƙe ɗayan.

"Saki, ɗan banza! Kai ka shuka?"

Dinya ya sare shi a kunne. Ya maka masa ludayi. Shida. Ya rungumo yankin ya taho, laka ta cire masa takalmi ɗaya. Takwas. Ya faɗi, ya tashi. Jama'a suka buɗe masa hanya. Norma ta iso tana haki ta kama masa gefe. Goma. Sha ɗaya. Suka jibga shi a kan sikeli, ta sha biyu ta buga a kansu.

Allura ta yi rawa, ta yi rawa, ta zauna. Marge ta gyara tabarau, ta sunkuya, ta daɗe. Ta ɗago kamar mai neman gafara.

"Casa'in."

Ba wanda ya yi motsi.

"Cif," in ji ta.

Wendell ya cire hula ya rungume ta a ƙirji, idonsa har da ƙwalla. "Shekara arba'in," in ji shi, duk bakin tafki na ji, "lissafin nan bai taɓa ba mu kunya ba."

"Amma kun gan ta!" Arlo ya daka tsawa, ruwa na zuba daga aljihunsa. "Da idonku kuka gan ta! Dale, ba ta wuce ka ba? Gus! Ta kai girman cocin nan! Ta rufe rana! Sai da tsuntsaye suka koma sheƙa!"

"Ta ɗan yi girma," in ji Gus. "Ba laifi."

"Ba laifi?"

"Faɗi duka yanzu, Arlo, ka ƙoshi. Gobe ƙarfe shida muna jiranka."

Arlo ya buɗe baki zai rama, sai atishawa ta riga shi. Likita ya dubi Fasto, Fasto ya gyaɗa kai.

Kwana uku ya yi da murar. A na huɗu ya shigo, ya zauna a kujerarsa, ya ja bakinsa ya ɗinke. Mun ce ba zai kai azahar ba. Yau wata bakwai ke nan. Norma ta ce a gida kam ita ke biyan bashin bakin, tun daga ƙofa yake farawa har sai ta yi barci. Amma a ɗakin nan, ko tari a hankali yake yi. Da hannu yake ba da labari. In aka yi zancen kifi sai ki ga ya ware hannuwa, ya ware, har ya ture gwangwanin sukari a teburin baya. Dale ya dube shi, ya gwada taƙi ɗaya, kowa ya gane.

Sai dai teburin ya mutu, 'yar nan. Ba ki ga tsofaffi uku suna sauraron cokali ba. Da sanyin nan motar makaranta sau biyu tana maƙalewa a hanyar arewa, don ba mai ba da labarin dusar ƙanƙara. Watan jiya Gus da kansa ya gaji. Ya ajiye kofi ya ce, "Arlo, ya isa haka. Na yafe sauran. Ka yi magana."

Arlo ya dube shi. Ya jawo takardar goge baki, ya karɓi alƙalamina, ya rubuta, ya tura masa. Gus ya karanta, ya miƙa wa Dale, Dale ya miƙa mini.

"Goma na ce."

Mu dai yanzu addu'armu lissafin ya riƙe.

Af, ga shi can ma ya shigo, mai jar hular nan. Kar ki juya da sauri, yana da saurin fushi. Kin ga ya ɗaga mini yatsu goma? Bari in kai masa kofi ɗayan, ga mutanen teburin baya ma tun ɗazu suke harara ta. Sha gahawarki kafin ta huce.